Har Likita Yake Ce wa "Da Sauƙi"

Anti, sallama da fatan alheri. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, don in ta wuce shawarar ba za ta yi mini rana ba. Kada ki sa sunana, ki ce matar kafinta kawai.

In faɗa miki tun farko, ni ba mai raki ba ce. Shekara goma sha bakwai ina girki a kicin ɗin wata makarantar kwana, tukunyar da nake juyawa sai mutum biyu sun kama kunnenta ake sauke ta. Yara ɗari uku nake ciyarwa kullum, ban taɓa jin an ce abincina ya kwana ba. To yau ga ni, mutum ɗaya tal ya gagare ni ciyarwa, kuma mijina ne.

Wata huɗu ke nan da aka gano maigidan yana da ciwon daji a hanji. An yi aiki an cire abin da za a cire, likita ya ce an kama shi da wuri, saura magani da ake saka masa ta jijiya duk bayan mako uku, sau takwas. An yi uku. Ni wallahi hankalina a kwance yake game da warkewarsa, na sa a raina zai tashi, kuma zai tashi da yardar Allah. Abin da ya hana ni sukuni ba ciwon ba ne, kalma biyu ce: da sauƙi.

Kowa ya ce masa ya jiki, da sauƙi. Maƙwabta su shigo, da sauƙi. Yayarsa ta kira a waya, da sauƙi. Wannan ban damu ba, ni ma haka aka koya mini amsa gaisuwa. Amma Anti, har likita! Mutumin da bakinsa ya yi gyambo ta ciki, ko ruwan shayi ya kurɓa sai ya runtse ido. Ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake masa. In na sa albasa a mai, yana falo zai tashi ya fita ƙofar gida ya tsaya kamar wanda aka kora. Bel ɗinsa da kansa ya ɗauki ƙusa ya ƙara masa huda biyu, ya ɗauka ban gani ba. Rannan na kai masa abinci shago, don yana lallaɓawa ya je ya zauna ko awa biyu ne, wai zaman gida na ƙara masa ciwo. Na tsaya a bakin ƙofa bai gan ni ba. Yana haɗa ƙafar wata kujera, sau uku yana ɗaukar ƙusa tana zamewa daga yatsunsa tana faɗawa cikin garin katako. Ya tsaya yana murza kan yatsun yana kallonsu. Mutumin da ke zaro ƙusa daga aljihu ya san inci nawa ce ba tare da ya duba ba! Da ya ɗago ya gan ni na ce me ya sami hannun, kin san abin da ya ce mini.

Ranar Alhamis da ta wuce muka je a duba shi kafin a saka na huɗu. Ɗakin likitan ɗan ƙarami ne, tebur, kujeru biyu, gado mai labule, da sikeli a bayan ƙofa. Akwai wata nas yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yarmu ta fari ba, tana tsaye da fayil. Likita ya tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Cin abinci fa, ya ce Alhamdulillahi. Ciki fa, ya ce lafiya lau. Ina kallo likita ya ɗauki biro zai rubuta. Anti, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na fasa ƙwan gaba ɗaya. Na faɗi gyambon baki, na faɗi loma uku da yake yi ya ture kwano, na faɗi yatsu, na faɗi har da zawon da ya kwana huɗu yana fama da shi da sau nawa yake zagawa a yini. Likita ya ajiye biro ya ce ya hau sikeli. Kilo shida ya zube. Aka haska bakinsa, aka ɗebi jini, aka rubuta magunguna, aka ce an ɗage na huɗun da mako ɗaya, a dawo Alhamis a ga ko jikin zai ɗauka.

Tun daga ƙofar asibiti ya ɗaure fuska tamau. Da muka isa gida ya ce na kwance masa zani a kasuwa, na yi masa tonon silili a gaban yarinyar da ya haifi kamarta. Ya ce ni na ja aka ɗage maganin, da na yi shiru da yanzu ya yi rabi. Ya ce a ɗakin da ake saka musu magani akwai waɗanda sai an tura su a keke, shi da ke tafiya da ƙafarsa in ya zauna yana lissafa ciwo ai ya yi wa Allah butulci. Ƙarshenta ya yanke cewa ranar Alhamis ba da ni za a je ba, ƙaninsa direba ne zai raka shi. Wannan ƙanin nasa kuwa, tabɗi! Ko yayan ya ce rana daga yamma take fitowa, "to" kawai zai ce. Su biyu za su shiga su yi wa likita da sauƙi, su fito.

Tunda gaskiya na zo faɗa, ni ma ina da nawa. Ina cika masa kwano kamar dā, in ja kujera in zauna ina ƙirga lomarsa. In ya ce ya ƙoshi raina ya ɓaci. Sau ɗaya har na yi kuka na ce raina girkina yake yi, na kwashe kwanukan da ƙarfi har murfi ya faɗi. Na san ban kyauta ba, amma ni ta hanyar tukunya na iya nuna so, ban iya wata ba.

Kwana uku ke nan daga sannu sai yawwa. Ni dai ban ga laifina a faɗin gaskiya ba, kuma in aka mayar da ni ɗakin nan zan sake faɗa. Amma shirun nan yana cin raina, kuma ina tsoron hannun nan nasa. In ba shi haƙuri ne, ko in sa mayafina ranar Alhamis in shiga motar ko yana so ko ba ya so?

Matar kafinta

*

'Yar'uwa matar kafinta, Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi.

Amsar farko a taƙaice: abin da kika faɗa wa likita ya kamata a faɗa, kuma ba ke kika ja aka ɗage magani ba. Kilo shidan nan da sakamakon jini su suka ɗage shi. Da kin yi shiru aka saka na huɗu a kan jikin da ya kwana huɗu yana zubar da ruwa, ƙila da yanzu ba mako ɗaya ake magana ba. Wannan ki cire shi daga ranki.

Amma shi ma ba ƙarya ya yi niyya ba. Mu a wurinmu "ya jiki" gaisuwa ce, amsarta kuma "da sauƙi", ko mutum na kwance ba ya iya ɗaga kai. Addu'a ce da kyautata zato, kuma ba na so ya daina faɗa wa maƙwabta da yayarsa. Kuskuren ɗaya ne: a bakin likita "ya jiki" ba gaisuwa ba ce, awo ne. Maigidanki kafinta ne, ta nan za ki shigo masa. Ki tambaye shi, in mutum ya zo a yi masa ƙofa ya ba shi awon da ba daidai ba don kunya, wace irin ƙofa zai samu? Likita ma da abin da aka faɗa masa yake yanka magani, ya rage ko ya ƙara ko ya canja. Ni ba likita ba ce, amma na san maganar yatsun nan tana cikin abin da suka fi son a gaya musu da wuri, tun ana iya yin wani abu a kai. Hannun nan shi ne sana'arsa. In zai ji kunyar komai, kada ya ji kunyar wannan. Faɗa wa mai magani inda ke ciwo kuwa ba butulci ba ne. Ya yi godiyarsa ga Allah cikakkiya, sannan ya ce ga abin da ke damuna, ba su cin karo da juna.

Inda kika yi kuskure shi ne wuri da yadda. Kin san zawon tun kwana huɗu, kin ga yatsun tun a shago. Da tun a gida kika ce masa in bai faɗa ba ke za ki faɗa, da ya shiga ɗakin a shirye. Sai ya ji sirrin cikinsa a bakinki ba zato, a gaban yarinya, alhali ciwon nan ya riga ya ƙwace masa abubuwa da yawa. Don haka e, ki ba shi haƙuri, amma ki faɗi na me. Ki ce kin ba shi kunya kuma kin yi nadamar hakan, ba ki yi nadamar likita ya sani ba. Ina kuma zargin akwai tsoro a ƙarƙashin fushin nan, yana ganin in ya faɗi gaskiya za a dakatar da maganin gaba ɗaya. Ki tambaye shi a hankali, ki bar shi ya amsa, kada ki amsa masa.

Sai batun kwano, kuma nan zan ɗan ja miki kunne. Mutumin da ake ƙirga wa loma dole ya koyi ɓoyewa, kuma da ke ya fara koya kafin likita. Ba girkinki ya raina ba, magani ne ya juya masa harshe, zai dawo. Ki ajiye ludayin makaranta. Ki samo ƙaramin faranti ki zuba cokali huɗu ko biyar, sau shida a yini maimakon uku. Abu mai laushi da ba yaji ba tsami: dafaffen ƙwai, dankali da aka murƙushe, shinkafa da ta yi luguf a romon kaza, kifi, ayaba, madara in cikin ya karɓa. Ki bari ya huce, tururi ke ɗauko ƙamshin da ke tayar masa da zuciya, amma mai sanyi ƙarara sai kin tambayi nas, don wasu magungunan ba sa shiri da sanyi. Ki gwada masa cokalin roba saboda ɗanɗanon ƙarfen. Suyar albasa ki yi ta lokacin da yake shago, ki buɗe tagogi. Ruwa kurɓi-kurɓi duk yini, balle da zawo. Komai ya dahu sosai, hannu a wanke, mai tari ko mura ya yi gaisuwa ta waya, kuma duk maganin da masoya suka kawo a nuna wa likita kafin ya kai baki. In kin ajiye faranti ki tashi ki ba shi wuri, ko ki ci naki kuna hirar duniya. Abu ɗaya ne ba a jira Alhamis a kansa: zazzaɓi, ko zawo ko amai da ya ƙi tsayawa, ko ya kasa shan ruwa. Ranar da kika ga haka asibiti kai tsaye, ko zai yi shekara ba ya miki magana.

Yanzu ranar Alhamis. Kada ki shiga motar da ƙarfi. Daga yau ku samu takarda, kullum a rubuta layi uku ko huɗu: me ya ci, sau nawa ya zaga, ya baki, ya yatsu. Shi zai rubuta, in biro na ba shi wahala ya faɗa ki rubuta da kalmominsa. Abin da ke da nauyi a baki ba shi da nauyi a takarda, miƙa wa likita kawai zai yi, kuma yana da ikon cewa a ba su wuri su biyu. In ya ƙi takardar ƙememe, ki gaya masa a fili, ba a bayan idonsa ba, cewa za ki kira nas ɗin sashen ki faɗi abin da kika gani. Zai ji haushi, amma ba zai ce kin yi masa kwanton ɓauna ba.

In ya karɓi takardar ya ce duk da haka ƙaninsa ne zai raka shi, ki goge masa riga, ki sa masa ruwa da ayaba a jaka, ki raka su bakin mota. Na san zai yi miki ciwo, ke da kika tsaya a kansa tun ranar farko. Amma abin da ake buƙata a ɗakin nan gaskiyar jikinsa ce, kuma ta fi amfani in ta fito daga hannunsa, don saura sau biyar, ba kullum za ki kasance a kujerar gefe ba.

Allah ya sa jikin ya ɗauki na huɗu, ya tsare masa hannunsa, ya sanyaya tsakaninku. Ki gaishe mini da shi, ki ce ina yi masa sannu da jiki.

Taku,
Anti