Baƙin Zare a Kalandar Yendi

Zuwa ga Yaya Sabi'u, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Damina huɗu ke nan rabona da Bawku, tun ranar da muka sa kwaɗo a shagon hotonmu, kai ka hau lorin Kumasi, ni na gangaro Salaga. Na rubuta wannan a shafina ne saboda ka daina ɗaukar wayata, kuma na san kana leƙowa nan. Masu karatu su yi haƙuri, maganar gida ce.

Kai ka kawo shawarar, lokacin da waya ta kashe mana sana'a. Ka ce akwai masu sayen hoton ƙananan tsuntsaye don littafi da kalanda. Ka ba ni dogon gilashin kyamara da ka saya da kuɗinka, ka ce ni in ɗauka in aiko da katin kyamara mai ɗauke da hotunan ta hannun direba, kai ka sayar ka turo rabona. Ka turo sau da yawa, ba zan ɓoye ba. Ni kuma ban taɓa tambayarka nawa aka biya ba.

Ba ka taɓa zuwa ka ga aikin ba, Yaya. Da asuba nake bin hanyar Makango, in shiga gamba da ta fi ni tsawo, raɓa ta jiƙa ni har ƙirji. Kaska kuwa, kullum sai na cire. Manoma sun taɓa kai ni gaban sarkin ƙauyensu, wai awon ƙasarsu nake yi za a ƙwace. Sai da na nuna musu tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, suka yi ta dariya, suka sa mini suna Mai-tsuntsu. Har yau akwai wanda bai yarda ba, yana bi na da ido.

Matsalar ciyawa ita ce iska. Tsuntsun bai kai ƙwan kaza nauyi ba, yana sauka karan gamba ya kama rawa, hoto ya fito dishi-dishi. To ni dabarata, in na gane karan da yake yawan hawa ya yi kuka, sai in kafa siririn tsinke a bayansa, in ɗaure su da baƙin zaren ɗinkin hula, zagaye uku da ƙulli a gefe. Sai in koma nesa in tsuguna. Kullum ina gaya maka a yanke ƙasan hoton, kada zaren ya fito.

Bara na samu mulufi, wannan ja da baƙin da yake kumbura wuya in yana kiran mace. Kwanaki na yi ina jiransa. Ranar da ya tsaya mini baki buɗe, rana tana bayana, na tuna maganarka a shago: riƙe numfashinka kafin ka danna. Na riƙe, na danna. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Na aiko da katin. Ka kira ka ce ruwa ya shige shi a mota, komai ya lalace. Ni kuwa ba ni da inda zan kwafa. Na ce Allah ya mayar da alheri.

Watan jiya zazzaɓi ya kama ni a Yendi, na shiga kemis sayen magani. A bango, saman sikeli, ga kalanda, ga mulufina. Zan iya cewa tsuntsu ya yi kama da tsuntsu. Amma can ƙasa da ƙafarsa ga baƙin zare, zagaye uku, ƙulli a gefe. Sunan da ke jiki na wani mutum ne da ban taɓa jin labarinsa ba. Mai kemis ya ga na daɗe a tsaye, ya ba ni kujera, ya ɗauka jiri ne.

Na nema maka uzuri, wallahi na nema. Na ce wataƙila a tasha aka kwafe katin kafin ya iso gare ka. Na ce wataƙila ka kai gyara, mai gyaran ya ciro hotunan ya ce maka sun mutu. Duk yana yiwuwa. Abin da ya tsaya mini shi ne, na turo maka hoton kalandar a waya, ka buɗe, ka yi shiru. Tun daga ranar ba ka sake ɗauka ba. Wanda aka cuta tare da ni, da shi zai fara kira.

Na san nauyin da ke kanka. Haya, makarantar yara, da maganin mahaifiyarmu Mma da kai ka ɗauka har ta rasu, ni ban tsinana komai ba. Kuma ban manta ba, kai ka goya ni daga kasuwar shanu har gida ranar da ƙusa ta soke ni. Mma takan ce, ku biyu kaɗai gare ni, kada in ji ku a bakin mutane. Ga shi yau ni na kawo mu, kuma ban ji daɗi ba.

In matsi ne ya sa ka sayar, ka ce mini matsi ne, Yayana. Ba zan nemi kuɗin ba, ko sunan ma na haƙura. Kada dai ka sake ce mini ruwa ne. Katin bana yana aljihuna, ba zai hau mota ba sai na ji muryarka.

Allah ya jiƙan Mma, ya rufa maka asiri, ya sa zargina ya zama ƙarya, in zo har Kumasi in durƙusa in ba ka haƙuri a gaban matarka Anti Rabi.

In kana son sanin halin da nake ciki, abin da na iya ajiyewa a shekarun nan shi ne kuɗi sidi dubu ɗaya da ɗari biyu, buhun masara biyu a wurin mai gidan hayata, da hoto sittin da ba wanda ya gani sai ni.

Ƙaninka,
Nuhu, Salaga.