Ƙofar Maɗaci

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aikin kafinta, yaya ciwon bayan nan? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ƙofar da ka sassaƙa mini ta iso gandun renon itatuwa inda nake aiki. Ina shafa ta na san ta maɗaci ce. A duk dajin nan maɗaci ɗaya ya rage da rai, na bakin rafi. Na ruga can, na tarar da kututture.

Haba Yaya! Da idonka ka ga yadda annobar nan ta bi itatuwan maɗaci, ɓawo ya tsage, ganye ya ƙone, suka bushe a tsaye. Wannan kaɗai cutar ta kama ya warke. Shekara da shekaru nake jiran 'ya'yansa, domin daga irinsa ne za mu sake dasa dajin. Bana ya yi 'ya'ya, saura kaɗan su nuna, ka sa masa zarto.

Direbanka da ya kawo ƙofar ya ce wai ka sare shi ne tun cuta ba ta lalata katakon ba, don kada a yi asara. Wai asara! Kai kam ko inuwa ka zauna, auna ta kake yi da ido. Raina ya ɓaci, kuma kada ka turo matarka ban haƙuri.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya mutanen gida?

Kada ka ɗauka na huce. Bayan ruwan nan kututturen ya yi toho, 'yan rassa jajaye, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Kafin in ankara awaki sun cinye rabi. Ba mu da wayar shinge a gandu, sai na ɓalle ƙofarka, na faskara ta da gatari, na kewaye tohon da ita. Sassaƙar ta yi kyau, ban musa ba, har furannin da ka zana. Yanzu ɗakina labule ne kawai.

Ko ya rayu, ni da kai da wuya mu ga ya kai girman wanda ka sare. Shingen bai rufe gefen rafi ba. Na san akwai sauran katakonsa a shagonka. Ka ɗauko shi duka, ka taho da guduma da ƙusa, kuma ka zo da kanka.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta