Goran Malam Idi

Daga Gangara

Yaya Salisu,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Yaya Hajo da yara. Yaya jiki, yaya bakin tabkin Cadi, yaya haƙurinmu?

Ka nemi jin yadda maigidana Malam Idi ya rasu. Da tabkinmu ya ƙafe, gero ya ƙone, sai ya ɗauki komarsa ta kamun kifi da goran da yake hawa cikin ruwa ya tsallaka iyaka. Ya gai da sarkin ruwan can, ya ba shi kifin farko, yadda aka gada. Sai ga ma'aikata, wai an yi doka, baƙo ba ya su, wato kamun kifi. A gabansa suka fasa goran. Washegari ya shiga ruwa haka nan ba gora, don ya san yunwar da ya baro gida. Bai fito ba.

Yanzu rediyo na cewa manyan ƙasarmu da na waccan ƙasar suna zaman cinikin kifi. Tir! Ko gaisuwar mutuwa ba wanda ya aiko.

Ka ce in turo maka ɗana Sani ya koyi sana'ar su. Yaya, ka yafe mini, ba zan turo ba. Gara mu ci anza, ɗacin dajin da ake ci don yunwa, ina ganinsa.

Ka sa mu cikin addu'a. A gai da Inna.

Ƙanwarka,
Rabi