Kukan Ƙyauren Ɗakinmu

Daren Laraba, 14 ga Mayu

Yau na gama da ƙyauren nan. Tun Lahadi Inna ta ce in ya sake tada mata jaririya, fitar asuba ta ƙare, sai in yi bitar jarrabawa a gida. Ni kuwa lissafi ba ya shiga kaina sai tare da ƙawata Falmata, wadda nake zuwa gidansu da asubar.

Yaya Hadiza ta sha zuba masa man gyaɗa, kiyashi kawai ya tara. Da na dawo daga lakwal, wato makaranta, na tsuguna ina buɗewa ina rufewa, kunnena a jikin ƙarfen da ke riƙe da shi. Na ɗan ɗaga ƙyauren, sai kukan ya ɗauke. Ashe jiƙaƙƙun zannuwan da muke shanyawa a kansa ne suka sunkuyar da shi, ƙusar sama ta saki.

Mai wuyar ita ce zuwa wurin mai gyaran babur. Sau biyu na wuce rumfarsa kafin na iya sallama.

"'Yata, ina babur ɗin?"

"Ƙofa ce, Baba."

Ya yi dariya, ya ara mini abin ɗaure ƙusa, ya zuba mini baƙin mai a murfin kwalba.

Na ɗaure, na ɗiga man, na ja igiyar shanya a tsakar gida. Bayan isha'i na shiga Inna tana shayarwa, har na zauna ba ta juyo ba.

"Ke! Yaushe kika shigo?"

"Yanzun nan, Inna."

Ta dubi ƙofar, ta dube ni. "To, in za ki fita da asuba, ki taɓa ƙafata in sani."