Gayyar Rufin Sansanin Marayu

Asabar, 6 ga Mayu

Lalla Nuzha, shugabar ƙungiyar marayu ta birnin Meknas, ta hauro mana dutse da motar kaya. Dusar ƙanƙara ta karya rufin ɗakin cin abinci na sansaninsu, ga yara za su zo hutu a Yuli. Wani attajiri ya ba da kwanon rufi, wani fenti, wani kuma, Allah ya saka masa, firji marar ƙofa. Hannun aiki ne babu. "Baba Bassu, ka nemo mana 'yan sa kai mana, kai ake jin maganarka a ƙauyen nan." Na ce to. Da furfurata har gira, yabo bai daina kama ni ba.

Litinin, 8 ga Mayu

Na bi gida gida na kira gayya. Ban san wata hanyar tara maza ba. A nan ba a sa kai, kiran mutum ake yi: ya zo maka yau, ranar da ya kira ka je masa. Haddu, abokina tun muna kiwo, ya ce, "Rufin wa? Naka ne ya zube, tsohon bunsuru?" Na ce na marayu. "Marayun sun iya riƙon lauje?" Na ce ni na kira, ni zan rama wa kowa ranarsa. Itto 'yata ta ji labari, ta shige madafa. Tukunya dai ta sha dangwara.

Lahadi, 14 ga Mayu

Rufi ya hau. Kusan duk mazan ƙauye sun fito. Ɗaliban da Nuzha ta kawo sun shafa fenti, rabi a bango rabi a jikinsu. Yara ne masu kirki, ba zan yi musu ƙarya ba. Mai gayya ke ciyarwa, saboda haka ragona ya shiga tukunyar kuskus. Nuzha ta ci ta ce, "Kai, mutanen dutse akwai karamci!" Ta raba wa kowa hula mai sunan ƙungiya, aka tsaya hoto, ta yi godiya har da hawaye, ta shiga mota. A wurinta an gama ke nan.

Alhamis, 1 ga Yuni

Askin tumaki a gidan Assu, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo mini gayya. Ramuwar farko. Wayyo bayana.

Laraba, 7 ga Yuni

Yau katangar gona, ɗaukar dutse tun safe. Itto tana shafa mini man zaitun mai ɗumi tana faɗa: "Baba, ka gaya wa matar nan mana! Ta turo ɗalibanta su rama." In ce mata me? Ba ita ta ƙwanƙwasa ƙofofin mutane ba. Kuma ranar da aka tura wani a madadina, ranar na fita sahun maza. Babana yana cikin layin girbi har shekarar da ya rasu.

Litinin, 19 ga Yuni

Nuzha ta bugo waya. Wai wani ya ga hoton ya aiko da katifu. Ta tambayi lafiyata, na ce ƙalau. Rub da ciki nake amsa mata.

Asabar, 1 ga Yuli

Girbin sha'ir a gonar Haddu. Kowa da layinsa. Samari sun kai ƙarshe sun juyo, ni ina tsakiya ina kokawa da numfashi. Ba wanda ya tsokane ni. Abin da ya fi ciwo ke nan. Har Haddu, mai bakin da ba ya raga wa liman, ya juya yana kallon jakinsa. Na ga Lahsan ɗansa yana yanke mini layi daga can ƙarshe, wai shi bai lura ya kauce ba.

Lahadi, 2 ga Yuli

Ina isowa Lahsan ya sa hannu biyu ya karɓi laujena. "Baba, yau shayinmu na hannunka. Na tsohona ruwan wanki ne." Haddu yana inuwa, inda yake zama tun da ƙafarsa ta lalace. "Zo zauna, bunsuru, na gaji da hira da jaki." Na ce ba shayi ya kawo ni ba, rana na zo ramawa. Ya ce, "Ai ka riga ka rama. Sauran an yafe, an yi maganar a masallaci."

An yi maganar! A bayan idona. Sun taru sun yafe mini yadda ake yafe wa mamaci kafin a ɗauke shi. Na zuba musu shayin.

Talata, 4 ga Yuli

Yara sun iso, ina jin ihunsu daga tsakar gida. Ban je ba. An tafka ruwa da la'asar, Itto ta ce ko ɗigo bai shiga ɗakin cin abincin ba. To madalla. Su ci abincinsu lafiya a ƙarƙashinsa.

Litinin, 10 ga Yuli

Sussuka a gidan Assu. Nuzha ta same ni a can, wai tankin ruwa na son gyara kafin sanyi. "Baba Bassu, ina 'yan sa kanmu?" Na buɗe baki in ce to, sai na ji na ce ta nemi Lahsan, shi ake amsa wa yanzu. Amma na ce ta zauna tukuna, in faɗa mata abin da yaron zai ɗauka a wuyansa in ya kira. Ta zauna, na zuba mata shayi, na faɗa mata duka. Ta daɗe ba ta taɓa kofinta ba.

Da butar shayina na zo daga gida, ta Assu tana yoyo. Kayan aiki kuwa mantawa na yi da su a bayan ƙofa. Mantuwa ce kawai.

Sun ce sukarin ya yi daidai.