Darasin Golf na Ranar Asabar

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aikin asibiti? Tarin ƙaramar ya sake ta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mamanku da ke ɗan taɓa ta.

Kin san ni da waya, ana gama gaisuwa sai in rasa abin faɗa, shi ya sa na ɗauki biro in yi miki godiya. Darasin golf ɗin da kika shirya min na fara. Da farko na ji nauyi, tsoho da furfurarsa a ce za a koya masa riƙe sanda bayan shekarun da ya kwashe yana wasan. Amma kocin mutum ne mai haƙuri. Ya sa na buga ƙwallo kaɗan, ya tsaya baya ya harɗe hannu, sannan ya ce, "Baba, kai ba ƙwallo kake bugawa ba, itace kake sara." Na yi dariya har da hawaye. Wai da hannu kaɗai nake kaɗa sanda, ƙugu ba ya juyawa, shi ya sa kullum ƙwallon take karkata dama ta faɗa cikin bishiyoyi.

Abu ɗaya ne bai yi min daɗi ba. Safiyar Asabar aka sa darasin, daidai lokacin da muke fita fili ni da aminina Likita da Injiniya da Dogo. Tun kina firamare mu huɗun nan ba ma fashin Asabar. Na kira Likita na faɗa masa, ya ce, "Je ka gyara bugunka, Safiyo, gurbinka na nan." Har yau da sunan aikina na awon filaye yake kirana, kamar ban yi ritaya ba.

Allah ya yi miki albarka. Ki gaida kowa.

Naki,
Babanki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Amsarki ta iso, na kuma ji inda kika ce in dage. Ina dagewa.

Yanzu koci tawul yake cusa min a hammata, ya ce in kaɗa sanda kada ya faɗi. Na zo gida ina gwadawa a falo, sandar ta ɗauke gilashin fitilar sama. Mamanku ta kore ni waje, ta ce in tsufa wasa nake so in yi da shi, in yi a tsakar gida. Amma Uwata, ƙwallo ta fara tafiya ɗoɗar. Akwai wata ƙara da take yi in ka same ta daidai, ban taɓa jin ta daga sandata ba sai yanzu.

Na roƙi koci ya mayar da ni Talata in samu in koma cikin abokaina, ya ce Asabar aka tsara, ba zai iya canjawa ba. Likita kuma kwana biyu ba ya ɗaga waya, ina jin aiki ne ya yi masa yawa. Na ƙosa in nuna musu, musamman Dogo mai bakin tsokana.

Mamanku tana gaishe ki.

Babanki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Jiya Asabar matar koci ta haihu, ya aiko cewa babu darasi. Na yi murna, na ce yau zan ba abokaina mamaki. Ban kira kowa ba. Na goge sanduna, na saɓa jaka, na nufi wurin da ake fara bugu.

Tun daga nesa na hango su, amma mutum huɗu na gani. Dukkansu sanye da shuɗiyar riga iri ɗaya, irin wadda ake ɗinka wa masu shiga gasar kulob. Na huɗun wani ƙaƙƙarfan mutum ne da bai girme ki da shekaru da yawa ba, daga baya na ji manaja ne a wani kamfanin inshora. Dogo ne ya fara ganina, nan take ya daina dariyar da yake yi. Injiniya ya durƙusa yana ɗaure takalmin da yake a ɗaure. Likita ya ce, "Safiyo! Yau ba darasi?" Ko sallamata bai amsa ba.

Shi baƙon bai san dawan garin ba. Ya cire hula ya gaishe ni hannu biyu, ya ce, "Baba, kai ne wanda na gaji gurbinsa? An ce ciwon kafaɗa ya sa ka ajiye wasa gaba ɗaya. Allah ya ƙara sauƙi." Na tambaye shi tun yaushe yake wasa da su. Ya faɗa. Uwata, tun Asabar ɗin da na fara darasi ne.

Na ce masa amin, kafaɗa da sauƙi. Na yi musu fatan nasara, na juya da jakata. Babu wanda ya biyo ni. Ina jin ƙarar bugunsu a bayana har na kai mota.

Ni na fara kai Likita filin nan. Da tsofaffin sandunana ya koya. Ranar da aka yi wa matarsa aiki ni na wuni da shi a barandar asibiti. Da ya kalle ni ya ce, "Safiyo, ka yi mana nauyi," wallahi zan ji zafi, amma zan haɗiye. Sai ya ƙirƙira min ciwon da ba ni da shi, ya bar ni ina fama da tawul a hammata ina cewa zan burge su.

Abin da ya fi ba ni haushi, kyautarki ce suka fake da ita. Ke kin yi don Allah, su kuma suka samu ƙofa. Kada ki bari wannan ya dame ki, babu laifinki.

Ki sa ni a addu'a.

Babanki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da yara da babansu kuna lafiya. Na ga kiranki, na ga saƙonninki. Da gangan ban ɗauka ba. In na ji muryarki zan ce ba komai, kuma akwai komai.

Likita ya zo gida da la'asar. Ya zauna a kujerar da ya saba zama, Mamanku ta kawo shayi, har ya huce bai taɓa ba. Ya ce masu biyo bayanmu a fili sun daɗe suna kai ƙara muna ɓata musu lokaci, kullum muna cikin ciyawa muna neman ƙwallon da na jefa. Ya ce suna son shiga gasa ko sau ɗaya kafin ƙarfi ya ƙare, kuma sun rasa bakin da za su faɗa min. Na saurare shi. Wani abin gaskiya ne. Na ce to, amma ashe kun yi sa'a da 'yata ta sa darasin ranar Asabar.

Sai ya ɗago kai ya ce, "Ba sa'a ba ce, Safiyo. Kada ka ɗora min ni kaɗai. Ni na kira ta na faɗa mata matsalar, ita ta kawo shawarar darasin. Ita ta ce a sa Asabar, a kuma gaya wa koci kada ya canja."

Na ce ƙarya yake. Na ce ya tashi ya bar min gida. Ya tashi, amma a bakin ƙofa ya ce in tambaye ki. Ban tambaye ki ba, saƙon da kika turo bayan ya kira ki ya riga ya ba ni amsa. Kin ce ba ki so a wulaƙanta ni ne.

Na yarda ba ki nufe ni da sharri ba. Amma ki tuna abin da na riƙa rubuto miki. Na faɗa miki na ƙosa in nuna musu, kika karanta, kika ce in dage. Na kawo miki kukana a kan Likita, har ina lallashinki kada ki damu. Sunan mahaifiyata na sa miki, ban taɓa kiranki da shi ba don kunya, kuma ban taɓa ɓoye miki komai ba. Ke da shi kuka zauna kuka yanke yadda za a lallaɓa ni, kamar yaron da ake ba alewa don a zare masa wuƙa.

Ban tambayi Mamanku ko ta sani ba. Ina tsoron amsar.

Ranar Laraba na fita fili ni kaɗai. A wurin bugun nan mai kududdufi, inda ban taɓa tsallake ruwan ba, na buga ƙwallo ta tashi ɗoɗar ta sauka can gaba. Na juya in yi magana, babu kowa a bayana. Koci ya ba ni haƙuri, ya ce in zaɓi ranar da nake so. Zan ci gaba, don shi aikinsa ya yi, kuma ya iya.

Kada ki ɗauki hutu ki taho, ba ciwo nake ba. Zan huce, uba ba ya riƙe 'yarsa, amma ki ba ni lokaci. Roƙo ɗaya nake yi. Tsufa nake yi, na sani. Wata rana za a ga tuƙina ya fara zama haɗari, wata rana za a ga bai kamata in fita ni kaɗai ba. In ranar ta zo, kada ki haɗa baki da kowa a ce min motar ta lalace. Ki zo da kanki, ki zauna a gabana, ki ce, "Baba, ba ni makullin." Zan ba ki.

Ki shafa min kan yara.

Babanki