Baffa Sule a Ƙofar Makarantata

Laraba da dare, Asata.

Yau Baffa Sule, ƙanin mahaifina, ya tako har makarantata riƙe da hannun jikarsa Zulai. Mutumin da ya ce gara a cinna wa sitocin albasar da na gada wuta da a ce mace ta mai da su azuzuwa. Har masallacin Coal Camp ya bi leburori yana hana su kawo min 'ya'yansu.

Na durƙusa a gaban iyayen yara na gaishe shi. Na tambayi gida, na tambayi kasuwa, amma na ƙi tambayar abin da ke tafe da shi. Sai da ya gaji da gyara hula ya faɗa da bakinsa: "Binta, ko za a samu gurbi?"

Na ce, "A sito, Baffa?"

Ya sake gyara hula.

Na karɓi Zulai, ita ba ta yi min komai ba. Amma ban huce ba. Zan tsaya a kanta har ta ɗauki na ɗaya. Ranar ba da kyaututtuka kuwa, shi zan tayar ya sa wa sitona albarka, kowa na ji.